Kwana Tara da Kunnen Kulu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Sa Ido kan Cututtuka Masu Yaɗuwa na shiyyarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da iyali, da abokan aiki, da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarka. Yaya fama da jama'a? Allah Ya yi jagora, Ya sa a gama lafiya.

Sunana Sa'adatu, a Damri ana ce mini Malama Sa'a. Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, shi ya sa ka ga ina rubuta wasiƙata da hannuna ba sai na nemi mai rubutawa ba. Amma ba a matsayin malamar makaranta nake maganar nan ba. Ni mai wankan gawar mata ce. Na gaji aikin wurin mahaifiyarmu, kuma shekara da shekaru tare muke yi da ƙanwata Kulu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka san ni, domin ka taɓa zama a kan tabarmata. Na zaɓi in yi maganar a fili ne saboda ba kai kaɗai ta shafa ba. Ta shafi na sama da kai, ta shafi 'yan uwana masu wannan aiki a ƙasar Bakura da Maradun da Mafara. Ba faɗa na zo yi ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na farko, laifina.

Da nawa zan fara, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da mahaifiyarmu ta fara shigar da ni ɗakin da aka shimfiɗe mamaciya, ba ta nuna mini yadda ake dama magarya ba sai da ta koya mini kama baki. Ta ce abin da ido ya gani a jikin mamaci, a ɗakin yake ƙarewa. Tabo ne, rama ce, wani abu ne da baiwar Allah ta yi shekaru tana rufewa da zane, ba ya fita ƙofa, ko mijinki ba ya ji. Malamai ma sun karantar da mu girman ladan wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri. Wannan amanar ce ta sa ake aiko mana, ba wai mun fi kowa iya zuba ruwa ba ne.

Bara, bayan an gama aikin shinkafa an cika rumbuna, aka kira mu gidan wata dattijuwa. Ba zan faɗi sunanta ba, yau ma kamar jiya. An ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har kala biyu bai yi ko gezau ba. Da muka yaye mayafi sai muka ga fuska a kumbure, jini yana tsattsafowa ta dasashi da hanci. Mu sa auduga ta jiƙe, mu sake wata ta jiƙe. Na wanke gawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ban taɓa ganin irin haka ba ga wadda ba haihuwa ta yi ba, ba kuma hatsarin mota ba. Ka san yadda muke aiki: tsumma ɗaya muke naɗewa a hannun hagu domin wanke inda ya kamata a sakaya, sauran jiki kuwa da tafin hannu ne. Kulu ce mai tallafe kai, ita ke share baki da hanci wajen alwala, ga hannunta duk tsaga saboda aikin shinkafa. Muka gama, muka sa likkafani, muka yi wa mutanen gida gaisuwa, muka kama hanya. Ko a tsakaninmu ba mu tayar da maganar ba.

Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar wata Alhamis, aka sake aiko mana daga gidan. Wannan karon 'yar marigayiyar ce, wadda ta yi jinyarta, mace mai ƙarfi da 'ya'ya huɗu. Abin da muka gani ga uwa shi muka gani ga 'ya. A hanyar komawa Kulu ta tsaya cak ta ce, "Yaya, wagga mutuwa iri guda ta da waccan. In munka yi shiru, wa za mu wanke gobe?" Na yi mata tsawa, na ce ta tuna abin da Inna ta hore mu da shi. Amma maganar ta hana ni sakat, tuwo ma ya ƙi shiga. Ranar Asabar na je gidan Liman, na bi ta wurin uwargidansa, ta yi mini iso. Daga bayan labule na faɗa masa abin da ke damuna ba tare da na kama suna ba. Ya ce, "Malama, abin da anka ce ku ruhe, aibin mamaci na. Ciwon da ka iya kashe mai rai ba aibi ba na. Ki bar suna gida, ki kai ma hukuma alama."

Ka ga ke nan na yi sama da mako biyu ina riƙe da labarin da ya kamata ya fita tun ranar farko. Na yi haka ne da kyakkyawar niyya, amma kuskure ne, kuma ban ɗora wa kowa shi ba.

Na biyu, abin da ya same ni a ofishinku.

Ranar Litinin na shiga mota, kafin ƙarfe goma na safe ina ƙofarku. Aka ce kana wajen taro. Na zauna a benci har aka kira azahar, sannan wani ma'aikaci ya ce in shigo. Tambayarsa ta farko ita ce daga wane asibiti nake. Na ce ba daga asibiti nake ba. Ya ce rahoton cuta daga asibiti yake zuwa, a kan fom, da sa hannun mai kula da wurin. Na ce matan nan biyu ba su taka asibiti ba, a kemis aka yi ta sayo musu magani har Allah Ya karɓi abinsa, to wane asibiti ne zai cika musu fom? Ya tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ya ɗan ja kujerarsa baya, ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, ai mu nan da masu rai muke aiki."

Ranka ya daɗe, ban je Makka ba tukuna, saboda haka ko Hajiyar ma ba tawa ba ce. Amma ba ita ta ƙona mini rai ba. Na tsufa ina koya wa yara su ɗaga hannu in sun san amsa, ga shi ranar da na ɗaga nawa an mayar da ni abin dariya. Na haɗiye fushi, na roƙi takarda da biro, na rubuta shafi guda: gida ɗaya, mutuwa biyu, kwana goma sha biyu tsakani, zazzaɓin da ya ƙi magani, jini ta baki da hanci. Na sa sunana da unguwarmu. Ya karɓa ya ɗora a kan tarin fayil, ya danne da kofin shayinsa. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ina roƙo kada a taɓa masa aikinsa. Shi abin da aka gindaya masa ya bi. Ƙa'idar ce take da gyara, domin an yi ta ne kamar kowa a ƙasar nan a gadon asibiti yake mutuwa. Kai da ni mun san yawancin mutanenmu a kan tabarmar ɗakinsu suke cikawa, kuma idon ƙarshe da ke ganin jikinsu namu ne.

Na uku, Kulu.

Ranar Laraba, kwana biyu da dawowata, zazzaɓi ya rufe Kulu. Mai kemis ya ce maleriya ce. Da aka kwana uku ba sauƙi ya ce taifot ce. Maƙogwaronta ya kama ciwo har kunu ba ya wucewa, idanu suka yi ja. Ni kuwa zuciyata ta riga ta gaya mini abin da bakina ya ƙi faɗa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Sai in zauna gefenta ina mata fifita, in kama kaina ina kallon fuskarta da idon sana'a, ina tunanin in ta tafi wa zai tallafe mini kanta. Na ƙi jinin kaina saboda wannan tunanin, amma ya ƙi barina.

Za ka ce me ya hana mu kai ta asibiti da wuri. Ka san halin da hanyoyinmu suke ciki saboda 'yan bindiga. Direba ba ya son fita shi kaɗai, ya fi yarda da ranar kasuwar Mafara da motoci ke tafiya a jere. Ga kuma na riga na karaya tun daga bencin ofishinku, ina ganin ko na je wa zai saurare ni. Sai ranar Talata muka kwantar da ita a bayan mota muka nufi Talata Mafara.

A asibitin da muka je Allah Ya haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya. Tana cikin rubutu ta ɗago ta ce, "Inna, wace sana'a take yi?" Na yi niyyar in ce noma, domin na gaji da dariya. Sai na tuna maganar Liman, na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro, ta sa safar hannu da takunkumi, ta sa aka kai Kulu ɗaki ita kaɗai, ta kira likita, ta ɗauki waya. Aka ɗebi jini aka aika ɗakin gwaji mai nisa, likita kuma ya fara mata magani bai jira sakamako ba. Washegari Laraba motarku ta shigo Damri.

Ka lissafa da kanka. Daga Litinin ɗin da na zauna a bencinku zuwa Larabar da kuka zo, kwana tara ne. Labarin da ya tashe ku a yini ɗaya daga bakin ma'aikaciyar jinya mai farin kaya, shi ne na kawo muku da ƙafata kwana tara kafin nan. Da an karanta takardata, da sunan Kulu yana cikin waɗanda za a riƙa dubawa, da ranar da jikinta ya fara zafi aka ɗauke ta, ba sai ta kwana shida tana shan maganin ciwon da ba shi ke damunta ba.

Na huɗu, yabon gwani ya zama dole.

Da ka zo, ka cire takalmi, ka zauna a tabarma, ka gaishe ni har da tambayar gajiya da jikin Kulu, sannan ka buɗe littafi. Ka ce kana son sunan duk wanda ya yi jinya ko ya taɓa marigayan. Mazan gidan da aka yi rasuwar suka yi ta kallon juna, domin namiji bai san wanda ke shiga ɗakin mara lafiya mace ba. Ni na sani. Ni na gaya maka akwai ƙanwar dattijuwar da ta zo jinya daga Dosara ta koma bayan sadakar uku, da wata suruka da ta zo daga Tsibiri ta wanke kayan shimfiɗa. Ka buga wa abokan aikinka na ɓangaren Maradun waya. Suka sami ta Dosara kwance, zazzaɓinta kwana biyu, aka ɗauke ta nan take. Tana nan da ranta, bayan salla ma ta zo gaishe ni da ƙwaryar fura. Mu sauran kuka yi mako uku kuna auna zafin jikinmu kullum safe, har yaran unguwa suka haddace ƙarar babur ɗin ma'aikacinku.

Da sakamako ya fito ka dawo ka tara mu, ka ce zazzaɓin Lassa ne. Ka yi mana bayani da Hausar da kowa ya gane: ƙwayar cutar a jikin ɓera take, yana barinta a fitsari da kashinsa a kan shanya da cikin rumbu da kwanon da aka bari a buɗe, in ta kama mutum kuma sai ta bi jini da sauran ruwan jiki ta kama mai jinya. Ka ce ba ita kaɗai ba ce, akwai irinta da ke tsallakowa daga dabbobi zuwa mutane, wasu ma sababbi ne, kuma da farko duk kamar zazzaɓin da muka saba suke zuwa. Wannan maganar ta zauna mini. In haka ne, ashe wanda zai fara ganin baƙuwar cuta ba mai na'ura ba ne, wanda ke kusa ne ya lura cewa wannan ba irin wanda aka saba ba ne.

Mutanen Damri sun ji. An daina shanya a ƙasa, an koma kan rumfa da tampol. An toshe ramuka, an nemo wa tukwane murafe. Kyanwa ta yi daraja har ana zuwa aronta kamar turmi. Bayan matan nan biyu ba mu sake rasa kowa da wannan ciwo ba, alhamdu lillahi. Kulu ta dawo gida a rame kamar kara, amma da ƙafarta. Sai dai kunnenta na hagu ya tafi, ba ta ji da shi ko kaɗan. Don in yi adalci, likita ya ce ciwon yakan taɓa kunne ko an fara magani da wuri, saboda haka ban ce ku kuka ɗauke shi ba. Allah ne masani. Amma kwana taran nan sun tsaya mini a rai.

Na biyar, abin da nake roƙo.

Ku buɗe ƙofa ga wanda ba shi da fom. Lambar waya guda ta isa, wadda za a ɗauka in an kira, a yi magana da Hausa, a kuma rubuta abin da aka ji. Ku raba ta ga masu wankan gawa maza da mata, da ungozoma, da wanzamai, da masu kemis, da mahauta. Kada ku manta da makiyaya. Bafulatanar da ke kawo mini nono ta ce mijinta tun daga yadda saniya ke tsayuwa yake gane akwai ciwo a garke, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. In mutum ya kawo labari ya zama ba komai ba ne, a gode masa, a gaya masa ba komai ba ne. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya dawowa.

Ku ba mu kayan aiki: safar hannu, takunkumi, rigar leda, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ku koya mana yadda ake sawa da yadda ake cirewa, da gawar da za mu wanke, da wadda za mu ja baya mu kira ku. Ranar koyarwar ku gayyato limamai su zauna, domin macen da aka hora da rufin asiri tun tana yarinya ba za ta saki baki don ma'aikaci ya ce ta saki ba, sai ta ji daga bakin malami kamar yadda na ji.

Ku sa mata cikin ayarinku masu suturta wanda irin wannan ciwo ya kashe. Na ji da kunnena ana cewa gara a ɓoye mara lafiya da a bari maza baƙi su taɓa gawar mace. In kuna neman matan da ba sa tsoron gawa, ga mu.

Sannan yadda ka buga waya Maradun ranar nan, a mayar da shi ƙa'ida, kada ya tsaya ga kirkin mutum ɗaya. Mu da Dosara da Tsibiri auratayya muke, jinya da ta'aziyya ba sa tambayar inda iyakar ƙaramar hukuma take. Takardata kuma, in tana nan ƙarƙashin kofin, a ciro ta a sa a fayil, ko don wanda zai zo bayanka ya ga cewa an taɓa zuwa.

Mu ma ba mu zauna jiran ku ba. Na tara masu wankan gawar mata na garinmu da ƙauyukan kusa a tsakar gidana, Liman ya aiko uwargidansa ta zauna da mu. Mun yi alkawari a kan abu uku: in muka ga jini inda bai kamata ba, ko mutuwa biyu a gida ɗaya kusa da kusa, ko aka ce zazzaɓi ne ya ƙi jin magani, za mu faɗa a ranar. Sunan mamaciya da sirrin jikinta suna nan a rufe kamar yadda iyayenmu suka bar mana, alamar ciwo kuwa za ta fita. Abin da ya rage mana shi ne wanda za mu faɗa wa.

Bari in rufe da labarin da ya sa na ɗauki biro. Bayan ciwon Kulu, mata biyu da nake koya wa aikin suka janye, mazajensu suka hana, kuma ban ga laifinsu ba. Kulu ma ta yi watanni ko hanyar gidan rasuwa ba ta bi. Na koma ni kaɗai, da tsufana da ciwon bayana, ina roƙon dangin mamaciya su kama mini, su kuwa suna ta kuka. Na fara tunanin in na faɗi, wa zai wanke matan Damri. Makon jiya wata tsohuwa ta cika, tsufa ne kawai. Na ɗauki magarya da kafur na kama hanya, sai na ji ƙarar bokiti a bayana. Na waiga na ga Kulu. Ta ciro safar hannu biyu daga cikin kwalin da ma'aikaciyar jinyar nan ta ba mu ranar sallama, ta miƙo mini nawa. Da muka shiga ɗakin mamaciyar ta tallafe kai kamar yadda ta saba. Na yi kuka a ɗakin, abin da Inna ta hana mu, kuma ba don tsohuwar na yi ba. Da yamma ɗaya daga cikin matan da suka janye ta aiko cewa mijinta ya ce in da safar hannu ta koma. Kwalin kuwa ya kusa ƙarewa.

Da na gama rubutun nan na zauna ta damanta, wajen kunnen da ke ji, na karanta mata tun daga gaisuwa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ƙara layi guda, kuma in rubuta shi yadda ta faɗa: "Ki hwaɗa mai, kunne guda ya tahi, ba ni neman diyya ga kowa. Gudan da ya rage na aje shi, ina jiran amsatai."

To, ranka ya daɗe, ga saƙo na isar. Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya tsare ka a hanyoyin da kake bi domin jama'a, Ya saka wa ma'aikaciyar jinyar nan da alheri, Ya jiƙan matan nan biyu, Ya kare ƙasarmu daga ciwon da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya ba ka tsawon rai mai albarka, Ya jinkirta ranar da za ka buƙaci masu irin aikinmu.

Wassalam.

Malama Sa'adatu,
mai wankan gawar mata, Damri.